Asabarin Fijo

Wanda ya zana Fijo 504 bai taɓa yin bazara a Matamaye ba. Da ya yi, da bai kwantar da gilashin baya haka ba, kamar faifan da za a shanya kuɓewa. In rana ta take tsaka, duk wanda ke kujerar baya shi ne kuɓewar. Ni ban damu ba, don a gaba nake zama, kuma tun da matata Badariyya ta rasu ba mai zama a bayan sai littattafai da buhun gero. Littattafai ba su ƙorafi. Babban abin da suka fi mutane ke nan.

Sai ga maganar idon Inna ta taso.

Inna ita ce mahaifiyar Badariyya, tana zaune a Tsauni cikin gidan da aka kai ta tana amarya. Surukata ce, mutuwa kuwa ba ta warware wannan. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa wuce zauren gidanta ba. In na je sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe da bango, muryarta ta amsa daga bayansa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, a bakinta ni ne "mutumin Matamaye". Ba ta kuma taɓa kiran sunan Badariyya ba, don 'yar fari ce, sai dai ta ce "waccan". Na karanta littattafan Turawan da suka yi wa wannan kunya tamu bayani babi-babi, har sun kusa ganewa. Ni ma na gane, har zuwa ranar jana'iza, da aka gaya mini Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba, ta ma tashi tana tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Daga ranar ban fasa zuwa gaisuwa ba, amma bangon kawai nake gaisarwa.

Mai kai magana tsakaninmu ita ce Rashida, autar Inna, wadda ke aure nan Matamaye tana sana'ar man gyaɗa. Al'adar da ta hana ni kallon uwar ita ta ba ƙanwar matata izinin ta ci mini fuska yadda ta ga dama. Rashida ba ta taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Tun ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, take ce mini Mushe, yadda ake kiran malamai da Faransanci, da wata irin murya kamar sunan cuta take faɗa.

Yanar ido ce ta rufe wa Inna ido biyu. Farkon bazara muka kai ta Damagaram, inda wasu likitocin ido ke zuwa lokaci-lokaci. Suka yi wa na hagu aiki, suka ce mun makara da shi, abin da zai dawo kaɗan ne. Na dama kuwa yana da sauran rai, a kawo ta in sun dawo kafin faɗuwar ruwa, kada a kuskura a wuce wannan zuwan.

Ba su sallame mu ba sai da rana ta take. Inna da Rashida suna baya, ni ina tuƙi, na karkatar da madubi sama don kada idona ya faɗa kan abin da bai kamata ba. Mun kusa Kance na ji Rashida tana kiran Inna da wata murya da ban san ta da ita ba. Na tsaya ƙarƙashin wani gawo. Tsohuwa ta sume, ƙeyarta ta yi zafi kamar murfin tukunya. Rashida ta kasa ɗaga ta, ba kowa a hanya, don haka ni na ɗauko ta. Nauyinta bai wuce na damin kara ba. Kallabinta ya zame, na ga furfurar da ban da hurumin gani. Muna shafa mata ruwa ta farfaɗo, ta buɗe idon da ba a rufe da auduga ba, ta gane a hannun wa take. Daga nan har Tsauni ba wanda ya yi tari.

Bayan kwana biyu Rashida ta zo da saƙo. Inna ta ce abin da ta gani a duniya ya ishe ta, ba ta ƙara shiga tanderun nan.

Na san ba zafin kaɗai ba ne, amma zafin ne za a iya yi wa magani. Muka zauna da Rashida muna auna dabaru, tana kawowa ina rushewa, don aikin da na fi iyawa ke nan. Motar haya, inda ake cusa mutum kan mutum da akuya a kan cinya, za ta ƙarasa abin da Fijo ta fara. Kwana a Damagaram, Inna ta ce ba ta kwana garin da 'yarta ta cika. Baƙar ledar da ake manna wa gilashi sai da takardar izini, in ba haka ba jandarmomi su sa ka ɓare ta da farce a bakin hanya, takardar kuwa kafin ta fito idon ya riga ta tafiya. Kujerar gaba ma ba mu tsaya kanta ba. Inna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, gara mata makanta, kuma ta faɗa.

"To a rataya zane mana," in ji Rashida. "Kai da karatunka, zane ma sai an gaya maka?"

Na ce mata motar nan sau ɗaya aka taɓa rataya mata zane a baya, ranar da muka dawo da gawar yayarta daga Damagaram. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, abin da ban saba gani ba.

A lokacin ne na tuna cewa motar nan da asabarinta ta zo. Lokacin da na saye ta hannun wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, akwai wasu siraran ƙarafa farare a jere daga cikin gilashin baya, kwance-kwance kamar asabarin ƙofa. Suna tare rana, direba kuma yana hangen baya ta tsakaninsu. Sai dai abin yana da baki. Kowane rami sai ya yi kacau-kacau, ya hana ni jin labaran rediyo, a zamanin da nake tsammanin in ban ji labarai ba duniya za ta karkace. Na kwance shi na jingine bayan madafi. Wata rana na duba ba ya nan. Shekara ashirin ina ɗora wa 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, laifi, duk wanda ya wuce ƙofar gidana da kura sai na bi shi da harara.

Na kwatanta wa Rashida. Ta ce ita mota a wurinta ƙafa huɗu ce da hayaƙi, in je in nemo kayana in daina yi mata darasi.

Na fara da Zakariya, bakanikena, wanda ya san cikin motar nan fiye da yadda likita ya san nawa. Ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaron gareji. Amma don kada ya sallame ni hannu wofi, ya yanka kwanon rufi siri-siri ya haɗa mini wani abu. Muka ɗaura, muka bar motar a rana muka sha shayi. Da muka dawo, abin ya yi zafin da za a gasa masara a kansa, ya kuma yanke ni a babban yatsa don tukuici.

Na tafi Damagaram wurin masu sayar da kayan matattun motoci. A can aka nuna mini rumfar Alhaji Agali, wani dogon Buzu da ke zaune tsakanin ƙofofi da fitilu kamar mai gadin maƙabarta. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba, sannan ya zuba mini shayi ya ce abin da nake nema ya sayar da shi da yawa, amma ba ga masu mota ba. Masu kilishi sun kwasa, masu burodi sun kwasa, masu kiwon kaji sun ƙarasa.

"A ƙasar nan ƙarfe ba ya mutuwa, Mushe," ya ce. "Sana'a yake sakewa."

Ya buga wa wani ɗan'uwansa waya a Kano. Aka turo hoton wani baƙin abu na roba da ake ɗora wa motocin samari daga waje, irin waɗanda ke tafiya da kiɗa kamar gidan biki. Ba zai hau Fijo ba ko da za a yi masa addu'a. Kafin in tashi Alhaji ya tuna akwai wani mai tantabaru a Ɗan Barto da ya taɓa sayen guda.

Na je Ɗan Barto. Na sami mutumin, na sami asabarin. An raba shi biyu an yi wa akurkin tantabaru ƙofa, kashinsu ya yi masa sabon fenti. Duk da haka na taya. Mutumin ya dube ni da tausayi ya ce ba don kuɗi ba, tantabaru ne ba su son a sake musu ƙofa, in aka sake sai su yi yaji. Na tsaya a rana da hulata a hannu, tsohon malamin da ya koyar da rabin ma'aikatan Kance, ina sauraren bayani kan zuciyar tantabara. Na yi godiya na shiga mota.

Rashida ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan labari ba za ta ci shi ita kaɗai ba, sai ta kai wa Inna. Na ce ta kai, ai ba abin da ya rage mini na mutunci da zan ɓoye. A lokacin saura 'yan kwanaki likitocin su dawo, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma-yamma, ni kuwa na fara saba wa kaina da cewa tsohuwar za ta makance, kuma da motata aka yi.

Washegari da hantsi Rashida ta kira ni a waya. Babu Mushe, babu tsiya. Ta ce Inna na nemana a Tsauni.

Na tuɓe takalmi na shiga zaure. A kan tabarmar da na saba durƙusawa akwai wani abu a kwance. An shafe shi da shuɗin fenti irin na ƙofofi, gefensa duk busasshiyar ƙasa ta maƙale. Sai da na tsuguna na ga ɗaya daga cikin ƙarafan na sama ya ɗan lanƙwashe a tsakiya, daidai inda na taɓa dukansa da tafin hannu wata rana kan hanyar Dawce, don ya yi shiru in ji labarai.

Rashida tana tsaye bakin ƙofar cikin gida. Ta yi mini bayani da muryar da ta yi amfani da ita a Kance. Tagar ɗakin Inna ce. Ita tun tana budurwa take ganinta, ba ta taɓa zaton daga mota ta fito ba, ta ɗauka a kasuwa ake sayar da irinta. Jiya da ta ba da labarin tantabaru Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambayi tsawon abin, ta tambayi faɗinsa. Da asuba ta aika aka kira maƙwabci da diga ya fasa bango.

Wai wata shekara Inna ta yi ta fama da zafi, ɗakinta ba taga. Ranar kasuwa sai ga Badariyya ta sauko daga motar haya da abin nan a ka, ta sa aka huda bango aka dasa shi. Rashida ta ƙara da cewa, tana kallon ƙasa, tun bayan rasuwar kowace safiya Inna sai ta bi ƙarafan ɗaya-ɗaya ta goge da bakin zanenta, ko da ido ya tafi da lalube take yi. Ba ta bari kowa ya taya ta. Su sun ɗauka rigimar tsufa ce.

Na kai hannu na shafa ƙarfen da ya lanƙwashe.

Daga bayan bango muryar Inna ta fito, a bushe kamar kullum.

"Ki gaya wa mutumin Matamaye aro ne."

Na ce a gaya mata na ji.

Zakariya ya kankare ƙasar, ya daidaita ƙarafan, ya sa guntayen robar taya a inda suke haɗuwa don su yi shiru. Ya so ya goge fentin, na hana. Da muka gwada, kujerar baya ta zama wuri mai inuwa, irin inuwar gindin rumbu. Kacau-kacau ɗin dai yana nan. Ya rage murya kawai, kamar tsohon da aka ce ya yi a hankali yara na barci.

Ranar tafiya Inna ta fito da sanda, Rashida na riƙe da gwiwar hannunta. Na juya baya ina duba tayar da ba abin da ya same ta. Sai da na ji ƙofa ta rufe na shiga.

Aikin bai daɗe ba. Likitan, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba, ta ce an zo a kan kari. Suka sallame mu rana tsaka, kamar yadda suka saba, don asibiti bai san akwai rana ba.

Muka baro Damagaram, kwalta tana rawa a gabanmu don zafi. Madubina yana kallon rufin mota. Ta gefen ido kawai nake ganin layukan haske da inuwa sun kwanta kan kujera, kan kafaɗar Rashida wadda barci ya riga ya sace. Asabari yana ta 'yar hirarsa. Hannuna ya tafi wajen rediyo don sabo, na dawo da shi kan sitiyari.

Mun wuce gawon nan na Kance. Na rage gudu ban yi niyya ba. Sai na ji an yi magana daga baya, kuma ba da Rashida ake ba, don Rashida tana minshari.

"Haka asabarin nan yake yi da la'asar, in iska ta taso."

Na ce, "To, Inna."

In aka cire gaisuwar bango, karo na farko ke nan da maganarmu ta tafi kai tsaye ba ta bi ta bakin kowa ba. Na riƙe sitiyari kamar mai koyon tuƙi. Muka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta sake magana.

"Ranar da waccan ta kawo shi ta ce kai ka cire daga motarka, ka ce a kawo mini. Ka ce gara kai ka sha ranar. Ban aika an yi maka godiya ba. Na rasa ta bakin da zan bi."

Na ga Badariyya a fili, tana tsaye bayan madafi tana kallon abin da na yar, tana lissafin yadda za ta mayar da shi alheri ta rubuta sunana a kai. Haka take yi mini da tuwon sadaka, haka take yi da gaisuwar marasa lafiyar da ban taɓa zuwa ba. Rabin mutanen da ke ganin kirkina a Matamaye, kirkinta suke gani. Kuma shekara da shekaru tana jina ina tsine wa 'yan gwangwan, tana ba ni haƙuri da fuskar salihai.

Na yi aikin gyaran kuskuren mutane da jan alƙalami har na tsufa. Ban taɓa ganin kuskure na wuce ba, ko a allon shagon mai shayi ne. Wannan na bar shi yadda yake.

"Ba komai, Inna," na ce.

Daga baya na ji wani ɗan sauti, gajere, kamar mutum ya haɗiyi ruwa da ƙyar. Likita ta ce kada ido ya jiƙe. Na yi tunanin in tuna mata, sai na ga ba hurumina ba ne. Na bi ramuka da gangan, asabari ya ɗaga murya ya rufe mana asiri mu biyu, har muka shiga Matamaye.

Sai da aka koma aka duba idon, aka cire auduga, ta ƙirga yatsun likita ta kuma gaya mata zobenta ya yi mata yawa, sannan aron ya ƙare. A lokacin ruwan farko ya sauka, an toshe ramin tagar da buhu. Zakariya ya kwance asabarin, na naɗe shi cikin bargo na kai Tsauni. Na tuɓe takalmi, na ajiye shi kan tabarma, na durƙusa na gaishe da bango.

Rashida ta leƙo, tsiyarta ta dawo daram. Ta ce Inna ta ce maƙwabcin nan mai diga fasawa kawai ya iya, ita kuwa Rashida ko ƙusa ba ta san kanta da gindinta ba. Wanda ya kawo kaya shi zai mayar da su.

Na ce ai tagar a cikin gida take.

"To da a zaure ka zaci take, Mushe? Karatun nan dai bai yi maka rana ba. Taso, an kwaɓa ƙasa tana bushewa."

Na ɗauki asabarin na tsallake dokin ƙofar da na yi shekara talatin ina kallo. Tsakar gidan ƙarama ce, ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Ga turmi, ga randa, ga wata bishiyar lemun tsami da Badariyya ta sha ba ni labarinta ina karanta jarida. Inna tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na sunkuyar da kai na nufi bangon da ke da rami. Ina jin sabon idon nan a bayana yana bina, tun daga hula har diddige.

Na naɗe hannun riga na cusa hannu cikin ƙasa. Sai na ji ta ce wa Rashida, da muryar da aka auna don ta iso inda nake:

"Ashe haka ya tsufa. Ki kawo masa kujera, kada ya faɗo mini."